Toka, Gamalin da Buhu Mai Riɓi Uku: Yadda Guba Ta Shiga Ajiyar Wake a Ƙasar Rano

Da zarar an gama roron wake, iskar hunturu ta fara kaɗawa, hanyoyin da ke shiga Tarai da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kibiya sukan cika da amalanke da babura, wannan ya ɗauko harawa, wancan ya labto buhuna. A tsakar gida ana bugu ana sheƙa, ƙura na tashi, yara na tsince ƙwayoyin da suka yi tsalle. Maigida yana hamdala da abin da Allah ya ba shi, amma hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Ya san waken nan bai shigo gida shi kaɗai ba.

Tun a gona ƙwaron wake ya saka ƙwansa a jikin kwanso. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta huda ta shige cikin ƙwaya, ta yi zamanta tana ci daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Bayan mako uku zuwa huɗu sai ta fito da fiffike, ta bar 'yar ƙofa kewayayya a jikin waken, macen kuma ta bi na kusa da ita tana zuba sababbin ƙwai gommai. Kusan kowane wata sabuwar zuriya. Buhun da aka ɗinke garau a watan Disamba, in ba a yi masa wata dabara ba, kafin ruwan shuka ya sauka ya koma huji da gari da wari.

Wannan ɗan mitsitsin ƙwaro shi ne ya buɗe wa guba ƙofar gidan manomi. Amma kafin gubar ta zo, an yi ɗaruruwan shekaru ana fafatawa da shi da abin da ke cikin murhu.

Tarai na cikin ƙasar da ta daɗe da sanin noma. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ne sarakunan baba, shukar nan da marina ke rini da ita; har gobe Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. Daga jikin ƙaramar hukumar Rano aka yanki Bunkure da Kibiya, dokar masarautu ta 2024 kuma ta bar ukun ƙarƙashin Sarkin Rano. Ruwan sama a wannan shiyya ya fi na arewacin Kano yawa. Manomin da can ba ya ware wa wake gona tasa. Gero da dawa yake shukawa, sai sun tasa ya bi tsakankaninsu da wake mai yaɗo, irin su kanannado da ɗan ila. In aka girbe gero, wake ya sami sarari da rana ya shimfiɗu. Abin da ake samu ba shi da yawa, sai dai babu feshi, babu kuɗin magani, ga harawa ta dabbobi har bazara.

Ajiya kuwa ilimi ce mai zaman kanta. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi don kada gara da damshi su same shi, a yaɓe shi da laka, a kifa masa jinka. Dawa da gero da zangarniyarsu ake jerawa, dami-dami, domin hatsin da ba a sussuka ba ya fi jure wa ƙwari. Wasu kan shimfiɗa ganyen bunsurun fadama ko na gwandar daji kafin su fara jeri. Gidan da ya amsa sunansa gida yana da rumbun tsimi, wanda ba a fasawa sai ta ɓaci. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta yi wa ƙasar Kano mummunar illa, ba su buƙaci wani ya koya musu darajar rumbun da zai shekara biyu ko uku a rufe ba, kuma 'ya'yansu da jikokinsu sun gaji wannan tsoro.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani. Wasu kan bar shi cikin kwansonsa su jibge a rumbu, domin ɓawon nan katanga ce tsakaninsa da ƙwaro. Wanda aka riga aka buge kuwa, musamman na iri, hannun mata yake komawa. Su tankaɗe tokar murhu, ta huce sarai, su gauraya ta da waken kusan kai da kai, su zuba a randa ko tulu, su ƙara toka a sama, su kife da kasko, su liƙe bakin da laka. Inda toka ta yi ƙaranci, lallausan yashi yakan tsaya a madadinta. Wasu su ƙara busasshen barkono. Da darbejiya ta yaɗu a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, ganyenta ma ya shiga sahu.

Daga baya masana ƙwari sun zo sun fayyace dalilin da ya sa wannan ke ci. Toka tana cike kafofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar motsi balle ya sami abokin barbara. Tana kuma kankare maiƙon da ke lulluɓe da jikinsa, ruwan jikinsa ya tsere, ya bushe. Liƙe bakin randa yana rage masa iska. Tsohuwar da ke wannan aiki ba ta san sunan ƙwaron a boko ba, amma ta san abin da ba ya so.

Bai kamata a yi wa wancan zamani ado fiye da kima ba. Wake yana hujewa a da ɗin ma, kuma a tsakiyar damina mutane sun sha cin wanda ƙwaro ya riga su ɗanɗanawa. G. H. Caswell, wani masanin ƙwari da ya yi shekaru a Samaru ta Zariya yana bin diddigin waken Arewa, ya nuna yadda ɓarnar ke hauhawa wata bayan wata har ta mamaye kaso mai yawa na abin da aka ajiye. Ga shi kuma toka dabarar cikin gida ce. Ta ishi mai tiya goma ko ashirin, ba ta ishi mai buhu ɗari biyar ba. Ranar da amfanin gona ya zama hajar da ake tarawa jibgi-jibgi ana jiran farashi, ranar toka ta gaza.

Gyaɗa ce ta fara kawo wannan sauyi. Dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya aka shiga loda gyaɗa zuwa Ikko, manoman ƙasar Kano suka rungumi nomanta don biyan haraji da sayen tufafi. Bayan yaƙin duniya na biyu jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da ake tarawa, dalar gyaɗa ta riƙa daɗewa a fili, ƙwari suka samu wurin zama. A 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wani ayarin bincike kan ƙwarin da ke ɓata kayan da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma, wanda a hankali ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken adana amfanin gona ta Nijeriya, wato NSPRI, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano. A wancan lokaci aka saba ganin ma'aikata sun lulluɓe tulin buhuna da tamfol suna tura hayaƙin kashe ƙwari a ƙarƙashi. Su waɗannan suna da ma'auni, suna da ƙa'idar kwanakin jira, suna kuma da wanda zai tuhume su a can Ingila in kaya ya isa da matsala. Gubar ce ta fita daga harabar sito ta bazu cikin ƙauyuka, ma'aunin da ƙa'idar suka tsaya a baya.

Zamani ne da duniya ta ɗauka ta gama da ƙwari. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfin DDT, a 1948 aka ba shi lambar Nobel. Wani sinadarin mai suna lindan ya shigo Afirka ta Yamma da sunan Gammalin 20, na kamfanin ICI na Ingila, aka yi ta feshe gonakin koko da shi a Gana da ƙasar Yarabawa a shekarun 1950. Don koko aka kawo shi. Ta hannun 'yan kasuwa ya hauro Arewa, Bahaushe ya kira shi gamalin, aka gano yana kashe ƙwaron wake, yana kashe ƙwarƙwata, yana kuma kashe kifi. Masuntan da suna da magimfa, shukar da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, ƙarfinta ya gushe ba da jimawa ba. Gamalin kuwa in aka tsiyaya shi a gulbi, babba da ƙarami yake ɗaukewa, har da kwaɗi da 'ya'yan kifi, sannan ya kwanta a laka.

Sunan da aka raɗa wa waɗannan kaya ya taimaka musu ƙwarai. Magani aka kira su: maganin ƙwari, maganin ɓera, maganin feshi, maganin ciyawa. Kalmar ɗaya ce da ta abin da ake ba mara lafiya ya warke. Bahaushe yana da kalmar guba, yana da dafi, yana kuma tsoronsu. Babu uban da zai barbaɗa dafi a abincin 'ya'yansa. Amma magani abin nema ne, kuma tunanin da ke biye da shi shi ne in murfi ɗaya ya yi aiki, biyu za su fi. A kasuwa har yau abin da ake ji ke nan: "A ba ni mai ƙarfi."

Shekarun 1970 suka zo da nasu. Fari na 1972 zuwa 1974 ya bugi Arewa, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya rage, dalar gyaɗa ta zama labari. Wake ya ɗauki wani sashe na gurbinta, domin biranen Kudu ba sa ƙoshi da shi. Madatsar ruwan Tiga, da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, famfon feshi ya zama abin da ido ya saba da shi a maƙwabta. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar raya noma ta Kano, KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, Rano ta zama hedkwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta, kamfanin KASCO kuma yana kawo taki da magani da rangwame. Sababbin irin wake suka zo, masu tsayuwa, masu nuna da wuri, waɗanda ake shukawa zalla. Suna bayarwa sosai, da sharaɗin a fesa su sau da dama daga lokacin fure. Malaman gona na zagayawa suna nuna awo. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, rangwame ya riƙa janyewa, malaman gona suka yi ƙaranci, cinikin magani ya faɗa hannun duk wanda ke da jari.

Shi ya sa a kasuwar ƙauye ta yau za a tarar da mai maganin ƙwari ya baje kolinsa ba nesa da mai gishiri da mai kuka ba. Yakan tsiyaya daga galan zuwa robar lemo, babu takarda a jiki. In akwai takardar ma, da Turanci take, da ƙananan haruffa. Shi ne malamin gona, shi ne mai ba da fatawar awo.

Daga irin waɗannan kasuwanni wake ke kama hanyar Dawanau, babbar kasuwar hatsin da aka kafa a 1985 a bakin Kano, daga can ya wuce Ikko da Ibadan da Onica. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma ribar ɗan kasuwa tana cikin jira: ya saya da kaka, ya sayar da damina. A nan babban haɗarin yake. Manomi ya sa magani kafin ya kai kasuwa. Ɗan sari ya saya ya ƙara nasa. Mai sito ya karɓa, bayan wata biyu ya ga ƙwaro ɗaya na yawo a kan buhu, ya sake sawa. Babu wanda ya san abin da na gabansa ya zuba, babu rubutu a buhu, babu ranar da za a ƙirga daga gare ta.

Iri uku ne suka fi yin suna a wannan harka, kowanne da hanyar cutarwarsa. Gamalin mai naci ne. Ba ya ruɓewa da wuri, yana narkewa cikin kitse, ya taru a jikin mutum da na dabba, har ya fito a nonon uwa. Mai yawa a lokaci guda yana kawo amai da jijjiga. Kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru kuwa, a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindan cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Na biyu shi ne sinadarin DDVP, wanda aka fi sani da sunan Sniper, kuma shi ne jigon fiya-fiya da ake haɗawa a bayan fage ana sayarwa a 'yan kwalabe don sauro da kuɗin cizo. Wannan jijiya yake kamawa. A jikin mutum, kamar a jikin ƙwaro, akwai wani sinadari da aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya da zarar ya isa inda aka aike shi. DDVP yana ɗaure wannan sinadari, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa: miyau ya dalalo, gumi ya keto, amai da gudawa su biyo baya, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. A ƙauye abin da aka saba yi shi ne a ɗura wa mutum manja ko madara. Ba sa karya gubar, kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa yana iya shaƙe su zuwa huhu. Abin da ke ceto yana asibiti, allurar atirofin da taimakon numfashi, kuma mintoci ake ƙirgawa. Ta fata ma yana shiga, don haka yaron da aka sa ya juya wake da hannu bayan an yayyafa masa ya riga ya karɓi rabonsa.

Na uku ƙwaya ce mai launin toka, Phostoxin da 'yan uwanta, wadda wasu ke kira bom. Kowace ƙwaya mai nauyin giram 3, in ta sha damshin iska, tana sakin giram 1 na hayaƙin fosfin mai warin tafarnuwa. In an bi ƙa'ida, wannan ta fi sauran tsabta ga wake: a rufe kaya ruf a inda iska ba ta fita, nesa da mazaunin mutane, a bar shi kwanaki, a buɗe ya sha iska, a kwashe garin da ya rage a binne. Amma a gidan da ɗakin ajiya da ɗakin kwana bango ɗaya ne, ko ma ɗaki ɗaya ne, ƙwayar da aka ƙulle a tsumma aka cusa a buhu tana sakin hayaƙinta ne a kan masu barci. Fosfin ba shi da makari.

A 2008 ƙasa ta ji abin a jikinta. A makarantar sakandaren 'yan mata ta Doma da ke Gombe, ɗalibai fiye da 100 aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji kuma ya nuna lindan. A Bekwara ta Jihar Kuros Riba ma fiye da mutum 100 suka kwanta, yara biyu suka rasu. A wannan shekara hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona guda 30, har da lindan. A 2009 aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kawar da gubobi masu daɗewa a muhalli. Gamalin ya ja baya, Sniper ya cike gurbinsa.

Sai a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya. Tun daga farkon 2013 jami'anta sun kama kaya fiye da sau 50, kusan duka saboda DDVP. Iyakar da suka gindaya ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, wato miligiram 1 tak a buhu mai kilo 100, domin a can ba a yarda da amfani da sinadarin a kan amfanin gona ba sam. Abin da suka tarar a waken Nijeriya ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, na ƙarshen nan ninki 460 ke nan. Da farko haramcin na shekara ɗaya ne; a 2016 aka tsawaita shi da shekara uku, daga baya aka sake ƙarawa.

An yi ta maganar asarar kuɗin shiga da zubewar mutuncin ƙasa. Abin da ya fi cancantar tayar da hankali ba a cika faɗarsa ba. Waken da ake fitarwa Turai ɗan kaɗan ne, kuma zaɓaɓɓe. Ragowar, miliyoyin tan, a gida ake cinye shi, babu wanda ya auna.

Masu tantance haɗarin sinadari ba sa tsayawa kan ko abu guba ne ko ba guba ba. Sukan tambayi nawa ya rage a abincin, nawa mutum ke ci a rana, kwana nawa a shekara, kuma mene ne nauyin jikinsa. Yaro mai kilo 15 da ya ci ƙosai biyar, da mahaifinsa mai kilo 60 da ya ci biyar, ba ɗaya suka ɗauka ba. Bisa nauyinsa, jikin yaron ya karɓi ninki huɗu. In aka ɗora wannan lissafi a kan gidan Bahaushe, inda wake ke tsayawa a madadin nama, da safe ƙosai da koko, da rana garau-garau ko ɗanwake, gobe alale, za a ga wanda ya fi buƙatar a auna masa shi ne wanda ba a taɓa auna wa ba. Hanyar girki ma tana da tasiri. Waken ƙosai da alale ana jiƙa shi, a surfe, a wanke, wani sashe na abin da ke jikin fata ya tafi da ruwa. Na ɗanwake kuwa sau da yawa a bushe ake kai shi niƙa.

Gona da rafi ma suna da nasu rabon. Da hantsi za a ga matashi ya goya famfo, daga shi sai singileti, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na dawo masa da feshin a fuska. In ya gama ya gangara kududdufi ya wanke famfon, inda awaki ke sha, inda yara ke wanka. Galan ɗin da ya ƙare ba a yar da shi; a ɗauraye a zuba ruwa ko man gyaɗa. Feshin wake yana faɗowa ne daidai lokacin fure, lokacin da ƙudan zuma ke kai-kawo. Tun da maganin ciyawa ya rage wa fartanya aiki, lalo da gasaya da sauran ganyen da mata ke tsinka kyauta a gefen kunya sun ja baya daga gonakin da ake fesawa, wanda aka samu kuma ba a san ranar da feshi ya sauka a kansa ba. Ruwan da ya wanke waɗannan gonaki kwarin Haɗeja da Jama'are yake nufa, har dausayin Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke rayuwa a kan ruwa ɗaya. Hukuma dai tana bi a baya: bayan hoton bidiyon da ya yaɗu a ƙarshen 2018 na masu zuba Sniper a kan wake, NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna daga 1 ga Satumba 2019, daga baya ta sanar da janye magungunan ciyawa irin su farakwat daga 2024 da atirazin daga 2025. Tsakanin sanarwar Abuja da teburin mai magani a ƙauye akwai tafiya mai nisa.

Mafitar da ta fi kama jiki ta zo ne da kamannin randar tsofaffi. A ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike a Marwa ta arewacin Kamaru, suka gwada zuba wake a leda cikin leda. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa dabarar a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da sunan buhun PICS. A Maraɗi, Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta INRAN ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa. A Nijeriya cibiyar IITA mai reshe a Kano ta jagoranci aikin tare da hukumomin noma na jihohi, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera buhunan. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe.

Yadda aka shawo kan manoma ma abin koyi ne. Ba lacca aka yi musu ba. A gaban jama'ar gari ake ɗaure buhunan wasu daga cikinsu da kaka, a bar su a gidajen masu su, bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance a gaban kowa. Wake ya zubo kamar ranar da aka buge shi, a ɗiba a dafa nan take. Dubban ƙauyuka suka ga wannan da idonsu. Jarka da durom masu murfin da ke kamewa su ma aikin ɗaya suke yi, kuma gidaje da yawa sun koma gare su.

Buhun yana da nasa rauni. Yana da tsada a kan buhun gama-gari, ko da yake yana iya yin kaka uku in an kula da shi. Ɓera ko tsinke ɗaya ya isa ya ɓata shi. Akwai jabu mai siririyar leda. Mai sito da dubban buhuna kuma yakan yi lissafi ya ga kwalba ɗaya ta fi masa araha. A ɓangaren gona, a watan Disamba na 2019 aka amince da irin wake na Sampea 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta samar ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, mai jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda ke rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Ana ta muhawara a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta, kuma ko da an yarda da shi, ba ya kare wake daga ƙwaron ajiya.

Kasuwa ita ce ke riƙe da linzami, kuma kasuwa abin da ido ya gani take hukuntawa. Mai saye ya damƙi wake ya baza a tafin hannu. Huji biyu ko uku sun isa ya rage kuɗi ko ya wuce gaba. Ragowar magani ba ta nuna kanta a tafin hannu. Wasu matan sukan shinshina, wasu su shanya waken a rana kwana biyu kafin su dafa, wasu su tafasa su zubar da ruwan farko. Wannan yana rage DDVP, wanda ke tashi da iska da zafi, amma bai cika yin tasiri ga irin gamalin ba. A 'yan shekarun nan an sami masu saye a birane da ke neman waken da ƙwaro ke yawo a kansa, suna ɗaukar hakan shaidar cewa ba a sa masa komai ba. Ƙwaro mai rai yana nuna babu magani mai ƙarfi a wannan makon. Huji kaɗai kuwa ba ya nuna komai, domin galibi sai mai sito ya ga ɓarna ta fara sannan yake ɗauko kwalba.